Yadda Ake Neman Kujerar Majalisar Jiha a Damagaram

Duk wanda ya taɓa shiga ɗawainiyar zaɓe a jihar Damagaram ya san cewa kwanakin da doka take bai wa ɗan takara domin ya fita neman ƙuri'a ba su isa ya zagaya ko rabin jihar ba. A zaɓen majalisun jihohi da na ƙananan hukumomi na ranar 13 ga Disamba 2020, kwana goma kacal aka buɗe na kamfe, alhali kuwa jihar tana da gundumomi goma ban da birnin Zinder kansa, tun daga Dungas da Magarya a bakin iyakar Nijeriya har zuwa Tanut da Tasker, inda rairayi yake iya riƙe ƙafar mota rabin yini. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta sami mutum fiye da miliyan uku da rabi a jihar, wato babu jihar da ta kai ta yawan jama'a a Nijar. Sau biyu na yi wannan aiki, a 2011 da kuma 2020, ina riƙe wa ɗan takara takardunsa da tsarin tafiye-tafiyensa, kuma abin da na gani da idona shi ne kwana goman nan lokacin girbi ne kawai. Wanda bai yi shuka tun da damina ba, ba zai sami abin ɗaurewa ba.

A yau babu zaɓe a gabanmu. Bayan sauyin mulki na 26 ga Yuli 2023, an rushe majalisun jihohi da na ƙananan hukumomi a watan Afrilu 2024, sannan aka rushe jam'iyyun siyasa a watan Maris 2025. Wannan ne ma ya sa nake ganin yanzu ya dace a yi wannan bayani, domin ba a fafe gora ranar tafiya, kuma mafi yawan abin da zan faɗa aiki ne wanda ba ya bukatar tuta ko lasifika. Ƙa'idojin da zan ambata su ne waɗanda aka yi aiki da su har zuwa zaɓen 2020. Duk ranar da aka fitar da sabuwar dokar zaɓe, aikinka na farko shi ne ka nemo ta ka karanta da kanka, ko ka zauna da wanda zai karanta maka ita dalla-dalla, kada ka dogara da abin da aka ce an ce a bakin tasha.

Ka san kujerar da kake nema

Mu mutanen Damagaram muna sauraron gidajen rediyon Kano da na Jigawa kamar namu, ƴan uwanmu suna Daura da Babura da Maigatari, saboda haka da yawa daga cikinmu idan an ce majalisar jiha sai su ɗauka irin ta can ce. A Nijeriya majalisar dokokin jiha tana yin doka, tana amincewa da kasafin kuɗin gwamna, har tana iya tsige shi. Ta Kano tana da kujeru 40, ta Katsina 34, ta Jigawa 30, kowane ɗan majalisa yana da mazaɓarsa, wanda ya fi yawan ƙuri'a a mazaɓar shi ke hawa kujerar tsawon shekara huɗu. Tamu ba haka take ba. Gwamna a Nijar naɗa shi ake yi daga Yamai, doka kuma, kafin sauyin mulki na 2023, aikin majalisar ƙasa ne. Majalisar jiha, wadda aka fara zaɓa a watan Janairu 2011, kafin a rushe ta majalisar mashawarta ce mai wa'adin shekara biyar: tana zaɓen shugabanta daga cikin ƴaƴanta, tana tsara shirin raya jiha, tana amincewa da kasafin kuɗinta, tana kuma bin diddigin yadda aka kashe shi. Dokar 2010 mai tsara mulkin jihohi da ƙananan hukumomi ta ƙayyade cewa zaɓaɓɓun mashawartan jiha ba za su wuce 41 ba, sarakunan gargajiya da ƴan majalisar ƙasa kuma suna zama a cikinta su ba da shawara, amma ba sa jefa ƙuri'a.

A 2016 gwamnati ta miƙa wa jihohi da ƙananan hukumomi wani ɓangare na iko a fannoni huɗu, wato ilimi da lafiya da ruwa da muhalli. Makarantar firamare da ƙaramin ɗakin shan magani da rijiyar ƙauye sun fi faɗawa hannun magajin gari da majalisarsa, jiha kuwa rabonta ya fi karkata ga makarantun sakandare da na koyon sana'a da ruwan makiyaya da ayyukan da suka ratsa ƙananan hukumomi da dama. Ka zauna ka fahimci wannan rabo sosai kafin ka buɗe baki a gaban jama'a. Ƙishirwar birnin Zinder, wadda ta samo asali daga dutsen da garin yake zaune a kansa har ya sa ake jawo ruwa daga Gogo da Macaya da Arunguza da Ganaram, ba abin da mashawarci ɗaya zai warware ba ne, haka ma ɗaukar ma'aikata a matatar mai ta SORAZ. Kana iya cewa za ka ɗaga murya a kansu, kuma ya kamata ka ɗaga, amma ranar da ka ce wa matan Garin Malam ko na Kara-Kara za ka kawo musu famfo har gida, ka ɗauki bashin da ba ka da abin biyansa, kuma su ne masu sayen ruwa wajen ƴan ga-ruwa kullum safiya, ba za su manta ba.

Takardu da jerin sunaye

Takardun da ake nema ba su da yawa: takardar haihuwa ko hukuncin kotu da ke maye gurbinta, takardar shaidar zama ɗan ƙasa, takardar kotu mai nuna ba a taɓa yanke maka hukuncin da zai hana ka takara ba, da shaidar wurin zama. Ta kotun tana lalacewa bayan wata uku, saboda haka ita ce za ka nema daga baya, amma ka tuna cewa daga kotun yankin da aka haife ka ake karɓo ta, wanda aka haifa a Gure kuwa yana zaune a Matamai sai ya yi tanadin tafiya. Sauran ka haɗa su tun yanzu, ka shimfiɗa su a kan tabarma ɗaya, ka duba harafi bayan harafi. A ƙasarmu suna ɗaya yana iya fitowa da rubutu uku, a wannan takarda Mahaman, a waccan Mahamane, a ta uku Mamane, wanda kuma aka rubuta masa cewa an haife shi “wajen” shekara kaza yana iya tarar da wata shekarar daban a katinsa. A shirin zaɓen 2011 na kwana biyu ina kai da komo tsakanin ofisoshi saboda harafi ɗaya da ya ɓace a sunan mahaifin wani da ke cikin jerinmu, ranar rufe karɓar takardu tana matsowa, kowa yana cewa in je wajen wancan. Ba ƙaramin abu ba ne, domin a zaɓen ƴan majalisar ƙasa na wannan shekarar an soke jerin sunayen jam'iyyu da yawa, har da manya, saboda matsalar takardu, kuma kuskuren mutum ɗaya yana iya jawo wa jerin gaba ɗaya. Don haka bayan naka, ka duba na wanda zai maye gurbinka idan ka rasu ko ka sauka, tunda kowane ɗan takara da nasa ake gabatar da shi, ka kuma matsa wa jam'iyya ta duba na kowa.

Nan ne muka zo ga abin da ya fi kowane muhimmanci, wanda kuma sababbin ƴan takara suka fi sakaci da shi. Mai zaɓe ba sunanka yake zaɓa ba, jerin jam'iyya yake zaɓa, kujeru kuma ana raba su ne gwargwadon ƙuri'ar da kowane jeri ya samu. A ɗauka, domin misali kawai, an jefa ƙuri'a masu kyau 820,000 a kan kujeru 41. Kowace kujera ta tashi a kan ƙuri'a 20,000 ke nan, jam'iyyar da ta sami 130,000 za ta fara da kujera shida, sauran kujerun da suka rage kuma a raba su ta hanyar duba jerin da matsakaicin ƙuri'arsa ya fi girma idan aka ƙara masa kujera ɗaya. To, ku 41 ne a jerin, kujera shida ko bakwai aka samu. Su wa za su hau? Wannan tambaya ta raba aminai, ta raba gidaje, ta sa mutanen da suka yi wata guda suna cin ƙura a mota ɗaya sun daina gaisawa.

Maganinta shi ne a yi maganar tun kafin a kai jerin, a gaban shugabannin jam'iyya na jiha da na gunduma, a rubuta a sa hannu kowa ya riƙe nasa. A fayyace ko za a duba yawan ƙuri'ar da kowane ɗan takara ya kawo daga yankinsa ne, ko za a raba wa gundumomi, a kuma fayyace waɗanne runfunan zaɓe ne za a lissafa a matsayin naka, domin garuruwan da ke tsakanin ƴan takara biyu su ne tushen rigima. A sa lissafin kason mata a ciki tun farko: dokar 2000 ta fara da kashi 10 cikin ɗari na kujerun zaɓe, aka ɗaga zuwa 15 a 2014, sannan zuwa 25 a 2019, ma'ana cikin kowace kujera huɗu da jeri ya samu ɗaya ba za ta kasance ta jinsin da ya rinjaya ba. Namijin da ya san wannan tun da wuri ba zai zo daga baya yana cewa an ƙwace masa ba. Ke kuma da kike neman kujerar, kada ki yarda a sa sunanki don cike gurbi kawai. Ki nemi a ware miki yankinki da runfunanki kamar kowa, ki yi aikinki a cikinsu, domin ranar rabo ki zo da hujja a hannu. Mutanenmu suna jin nauyin yin irin wannan magana da manya, suna ganin kamar rashin yarda ne, amma kunyar yini ɗaya ta fi gabar shekara biyar sauƙi.

Zumunci a ƙafa yake

Tunda ƙuri'ar yankinka ce za ta yi maka magana, kada ka ɓata ƙarfinka wajen son a gan ka ko'ina. Ka zaɓi ƙananan hukumomi biyu ko uku inda kake da tushe, ka sayi littafi mai kauri, ka ware wa kowane gari shafinsa. A shafin ka rubuta yawan runfunan zaɓe da masu rajista, da sakamakon zaɓen da ya wuce, da ranar kasuwa, da sunan mai gari da liman da shugabar mata, da mutum biyu waɗanda idan sun yi magana ake ji ko da ba su da sarauta. Ka bar rabin shafin fari domin abin da mutanen garin za su faɗa maka da bakinsu.

Bukatun jihar nan ba iri ɗaya ba ne, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Manomin rake da kayan lambu a kwarin Korama ko a Gidimuni damuwarsa hanya ce da kasuwa da abin ban ruwa. A Kance da Magarya ƙasa ta yi wa jama'a kaɗan, gona tana raguwa duk lokacin da aka raba gado, shi ya sa ci-rani ya zama sana'a har ga mata masu tafiya Aljeriya da ƴaƴansu. A Damargu da Balbeji maganar ita ce rijiyar dabbobi da burtali da ranar sakin gonaki, a Muniyo da Kutus kuma rairayi ne yake binne kwaruruka masu dabino da kanwa. Jawabi ɗaya ba zai yi wa waɗannan duka ba. Harshe ma haka: Hausa za ta kai ka kusan ko'ina, amma a rugar Fulani ko zangon Buzaye ko garin Barebari ko wajen Tubawan Tasker, ka tafi da ɗan wurin wanda zai gabatar da kai da harshensu, ka kuma koyi gaisuwarsu ko da kalma uku ce.

Wata ziyara da muka kai wani ƙauye a gabashin Mirriya ita ta koya mini yadda ake wannan aiki. Mun isa bayan la'asar, aka shimfiɗa mana tabarma a gindin gawo, ɗan takararmu ya fara bayanin shirin jam'iyya, maza suna gyaɗa kai cikin ladabi. Can sai wata tsohuwa da ke tsaye a bayan danga da ƙwarya a hannu ta ce, “Ɗana, ka sha ruwan nan tukuna.” Ya karɓa ya duba, ruwan ja ne kamar an dama ƙasa. Ya ce, “Inna, daga ina ake ɗebo shi?” Ta nuna masa da haɓa, ta ce famfon garin ya fi shekara da lalacewa, kuma duk wanda ya zo sai ya ce zai haƙa sabo. Bai ce zai haƙa ba. Ya sha ruwan, ya sa na rubuta irin famfon da abin da ya karye a cikinsa, bayan mako biyu muka koma tare da mai gyara da wakilin magajin gari, aka kuma farfaɗo da kwamitin da ke tara kuɗin kula da shi. Wannan ya faru wata bakwai kafin zaɓe, ba da tuta ba, ba da maroƙi ba, kuma a lokacin kamfe garin bai bukaci mu tsaya fiye da rabin awa ba.

Ka riƙa zuwa suna da ɗaurin aure da jana'iza, musamman ta'aziyya, domin ita ce ba a mantawa da wanda ya zo da wanda bai zo ba. Kasuwar Dole ranar Alhamis da ta Mirriya ranar Lahadi suna tara maka mutanen garuruwa da yawa a wuri ɗaya, haka kasuwannin dabbobi irin ta Bakin Birji, kuma zama ɗaya a runfar dillali yana iya ba ka labarin da ba za ka samu a taro goma ba.

Game da sarakuna, ka kai gaisuwa fadar Sarkin Damagaram da ta sarakunan yankinka kafin ka shiga ƙasarsu, ka cire takalmi, ka ce ranka ya daɗe, ka sanar da su abin da ya kawo ka, ka nemi addu'a. Iyakarta ke nan. Doka ta ɗora musu zama iyayen kowa, saboda haka neman sarki ya fito ya nuna kai ne nasa jefa shi cikin matsala ne, kai ma kuma jefa kanka ne, tunda kusan kowace sarauta tana da gidan da ya nema bai samu ba, kuma ranar da aka ce kai na sarki ne ka rasa wancan gidan da duk masu bin sa. Malamai ma haka: a nemi addu'arsu, amma masallaci ba wurin kamfe ba ne, kuma dokar zaɓe ta hana neman ƙuri'a da sunan addini ko ƙabila ko ɓangare.

Matasa a Zinder a fada ake samun su, a gefen titi da butar shayi a kan gawayi, daga Birni har Zango da Sabon Gari. Ka je ka zauna har a sha shayi na uku, ka bar su su yi magana, za ka ji zancen aikin yi da kuɗin makaranta da takardun babur na ƴan kabu-kabu. Abin da nake roƙonka da babbar murya shi ne kada ka ɗauki samarin fale, wato gungun matasan unguwa masu ɗaga ƙarfe, ka mayar da su ƴan tsoratar da abokan hamayya. Yaran nan ƴaƴanmu ne, rashin aiki ne ya tara su, kuma wanda ya ba su kuɗi da abin maye domin su tarwatsa taron wani ya ƙara tura su ramin da ya ce zai fitar da su. In kana son su yi maka aiki, ka ba su na kafa runfa da jera kujeru da raka tsofaffi wurin zaɓe, ka biya su haƙƙinsu a fili. Mata kuwa, waɗanda su ne suka fi jure layi ranar zaɓe, ta hannun ƙungiyoyinsu na adashi da na Mata Masu Dubara ake isa gare su, kuma mace ce za ta shiga gida ta yi musu bayani a tsakar gida, ba namiji da lasifika a ƙofar zaure ba.

Akwai aiki ɗaya da ya fi kowane taro riba, shi ne rajista. Zaɓen 2020 da katin zaɓe mai hoto da zanen yatsa aka yi shi, wanda bai yi rajista ba kuwa ko ya fi kowa son ka ba shi da ƙuri'a. Mutanen karkara da yawa ba su da takardar haihuwa, saboda haka duk lokacin da aka ce alƙalai za su fito zaman ba da takardu a ƙauyuka, ka sanar da garuruwanka, ka taimaka da mota in da hali. Ka kuma lura da kalanda: zaɓen da aka sa a Disamba yana zuwa ne bayan an gama girbi, lokacin da samari suka fara tafiya Kano da Legas da Agadas da Libiya, makiyaya kuma suna gangarowa kudu, don haka sai ka san tun da wuri su wa za su kasance a gida.

Kuɗi da kwana goma

Kamfe yana cin kuɗi, ƙarya ne a ce ba ya ci. Mafi yawansa yana tafiya ne a man mota da hayar mota mai iya shiga rairayi, da abincin masu rakiya, da buga hotuna, da kuɗin sanarwa a rediyo, da abin sallamar maroƙa da makaɗa. Ka rubuta abin da kake da shi, ka cire kason ranar zaɓe ka ajiye shi a inda hannunka ba zai kai ba, sannan ka raba sauran. Kada ka sayar da gonar gado ko gidan da iyalinka suke ciki, domin kujerar mashawarci ba ta da albashin da zai mayar maka da su, kuma wanda ya shiga majalisa da bashi a wuya idonsa yana kan kwangila ne. Kuɗin babban ɗan kasuwa ma ka san sharaɗinsa kafin ka karɓa, tunda kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Rabon jika-jika da sabulu da turmin atamfa a daren zaɓe kuwa doka ta hana, kuma na ga inda aka karɓi na jam'iyya uku a gida ɗaya aka zaɓi ta huɗu.

Idan an buɗe kamfe, babban taro ɗaya ko biyu sun isa, a ranar kasuwa, domin a ga cewa kana da jama'a. Sauran kwanakin ka bi shafukan littafinka gari bayan gari, da sassafe kafin a watse ko bayan la'asar, ka maimaita wa kowane gari abin da suka faɗa maka da abin da za ka iya yi a kai. Rediyo ya fi takarda isa ga mutanenmu, musamman gidajen rediyon karkara, saƙon murya na WhatsApp kuma yana yawo daga waya zuwa waya har inda motarka ba ta je ba. Ka yi shi gajere, da muryarka, ba tare da zagin kowa ba, domin abin da ka faɗa a Takeita da safe za a saurare shi a Gure kafin azahar. A kowane zama ka nuna wa jama'a alamar jam'iyya da yadda ake zaɓenta, ka sa tsofaffi su gwada a gabanka, saboda ƙuri'ar da ta lalace asara ce ga wanda ya yi tafiyar awa biyu a ƙafa domin ya jefa ta.

Ranar zaɓe da abin da ke biyo baya

Wakilinka a runfar zaɓe shi ne idonka, kuma a nan ne kason da ka ɓoye zai yi aiki. Ka zaɓi wanda ya iya karatu da lissafi, ɗan garin, mai haƙuri, ka tabbata takardar wakilcinsa ta fito kafin ranar, ka ba shi abinci da ruwa da fitila da alƙalami da kuɗin waya, domin wakilin da yunwa ta kora gida da azahar ya bar maka akwati ba mai tsaro. Ka tara su kwana biyu kafin zaɓe ka koya musu aikin: su isa kafin a buɗe da ƙarfe takwas, su ga akwati babu komai a ciki kafin a rufe shi, su lura da tawadar yatsa, kada su yi gardama da kowa a layi, idan sun ga abin da bai dace ba su nemi a rubuta shi a takardar sakamako.

Ƙirga ƙuri'a a runfar ake yin ta bayan an rufe. A 2020 na tsaya a wani aji na zana, sanyin hunturu yana shigowa ta ko'ina, fitila ɗaya a kan tebur, mutum biyar sun haska wayoyinsu, shugaban runfa yana ɗaga kowace ƙuri'a yana faɗin mai ita, wani malamin makaranta yana jan layi a allo biyar-biyar. Da aka gama aka tarar jimillar allo ta zarce yawan waɗanda suka sa hannu da ƙuri'a uku. Wakilinmu, yaro ne ɗan lise, wato babbar sakandare, ya ce cikin ladabi, “Malam, a yi haƙuri a sake ƙirgawa.” Aka sake, aka gano an ja wa wani jeri layi sau biyu. Ƙuri'a uku ba komai ba ne a runfa ɗaya, amma runfunan jihar dubbai ne, kuma kujerar ƙarshe a rabon da na bayyana a sama tana iya tafiya da ɗan bambanci ƙalilan. Kada wakili ya sa hannu a takardar da ba a cike ba, kada ya tafi sai da kwafinsa, ya kuma ɗauki hotonsa ya aiko maka tun yana wurin.

A gidanka ka zaunar da mutum biyu su riƙa shigar da sakamakon a littafi runfa bayan runfa, wasu kuma su bi takardun zuwa reshen hukumar zaɓe ta CENI na ƙaramar hukuma inda ake tattarawa, domin kuskuren haɗa lissafi ya fi faruwa a can cikin dare. Idan akwai ƙorafi, bisa tsarin da aka yi aiki da shi a 2020, a zaɓen jiha da na ƙaramar hukuma babbar kotun yanki ce take fara dubawa, ana kuma ɗaukaka ƙara zuwa kotun ƙoli mai kula da shari'ar gudanarwa a Yamai. Wa'adin shigar da ƙara gajere ne ƙwarai, kuma alƙali takarda yake karantawa, ba ya aiki da “kowa ya gani”. Ka hana magoya bayanka fita titi ko ƙona taya tun kafin su fara tunaninsa.

Waɗannan kwafin da ka tara su ne kuma za ka ɗauka zuwa zaman rabon kujeru na jam'iyya, tare da yarjejeniyar da aka sa wa hannu. Ka jera su gari-gari, ka haɗa jimillar a shafi ɗaya, ka yi kwafi biyu, ka bar na asali a gida. Ko rabo ya faɗo kanka ko bai faɗo ba, cikin mako biyu ka sake cika mota da mai ka koma garuruwan da ke littafinka domin yin godiya, har da waɗanda sakamakonsu ya nuna ba kai suka zaɓa ba, ka biya wakilanka abin da ya rage nasu a hannunka, sannan a kowane gari ka buɗe shafinsa a gaban mai gari ka karanta musu abin da suka faɗa maka, ka gaya musu wanne ne na majalisar jiha, wanne ne na magajin gari, da kuma watan da za ka dawo musu da amsa.